Mafita Sai Filin Jirgi: Makaɗan Samba da Bossa Nova a Kasuwar Duniya

Duk wanda ya sauka a babban filin jirgin saman birnin Rio de Janeiro, sunan makaɗi ne ke fara yi masa maraba. A 1999 aka raɗa wa filin sunan Antônio Carlos Jobim, wanda mutanen Birazil ke kira Tom, shekara huɗu da 'yan kwanaki bayan mutuwarsa a wani asibiti a New York. Abin dariya, ko kuwa na takaici, shi ne wata magana da aka daɗe ana jingina wa mutumin: wai makaɗin Birazil ba shi da mafita sai filin jirgi. To ga shi, wanda ya nuna ƙofar, shi aka rubuta sunansa a samanta.

Maganar tasa ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta faɗi abin da ke jiran mutum bayan jirgin ya sauka ba. Kasuwar waje ba ta sayen kaya yadda ka kawo su. Ita ke tsince wanda take so, ta sake masa riga, sannan takardun cinikin a hannunta suke kwana. In ka waiwayo kuma, gida na nan yana hararar ka. Tsakanin waɗannan biyun makaɗan samba da bossa nova suka yi ta kai-komo shekara ɗari ke nan.

Sai an fara rarrabe kayan, domin a waje buhu ɗaya ake zuba su. Samba kiɗan taro ne, na ganguna da tafi da amshi. Tushensa yana wajen bayin da aka kwasa daga Afirka. Birazil kaɗai ta karɓi sama da mutum miliyan 4, kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, a 1888. Mafi yawan jijiyoyin kiɗan daga Angola da Kwango suka taso. A jihar Bahia, inda ya fara tofo, akwai Hausawa cikin bayin, su suka kitsa yunƙurin tawayen 1807 a birnin Salvador, kuma da su aka yi boren Musulmi na 1835. Amma kada mu yi wa kanmu kirarin da ba namu ba, samba bai fito daga kalangu ba.

Mutanen Bahia da suka kwararo Rio su suka taho da shi. A gidan wata dattijuwa mai sayar da kayan zaƙi, Tia Ciata, ake haɗuwa a raba dare ana kiɗa. Daga wannan gida waƙar Pelo Telefone ta fito, wadda wani makaɗi mai suna Donga ya je ya yi wa rajista da sunansa a 1916, sauran 'yan zaman suka ce ai ta kowa da kowa ce. Wato tun ranar da samba ya fara shiga takarda, da rigimar haƙƙi ya shiga. A lokacin kuwa ganin baƙar fata riƙe da pandeiro, wata 'yar ganga mai kama da bandiri, ya isa ɗan sanda ya kama shi da laifin zaman kashe wando. An taɓa ƙwace na João da Baiana, sai da wani sanata ya saya masa sabo ya sa hannu a jikin fatar, shi ya zame masa lasisi. A 1922 Donga da Pixinguinha da ƙungiyarsu ta Oito Batutas suka tafi Paris suka yi watanni suna wasa a wani gidan rawa. Faransawa na tafi, wasu jaridun gida na kukan cewa baƙaƙe sun je sun zubar wa ƙasa mutunci.

Wadda ta fara ɗanɗana abin sosai ita ce Carmen Miranda. A Fotugal aka haife ta a 1909, aka kawo ta Rio tana jaririya, ta zama tauraruwar rediyo da faifai a shekarun 1930. Wani mai gidajen wasa na New York, Lee Shubert, ya ga wasanta a gidan cacar Urca a 1939 ya ɗauke ta. Ta kafe sai da makaɗanta, don ta san Ba'amurke ba zai iya riƙe mata kiɗan ba. Shigar da ta tafi da ita, ɗaurin ɗankwali mai tudu da tsakiya da warwaro, aro ce daga baƙaƙen matan Bahia masu talla a bakin titi. Hollywood ta karɓi shigar ta ƙara mata gishiri, ta ɗora mata ayaba da abarba a ka, ta hana ta gyara Turancinta domin gurguwar maganar ce ke ba mutane dariya. Yau ta fito a matsayin 'yar Ajantina, gobe 'yar Kuba, su duk ɗaya ne a wurinsu. Zuwa 1945 babu macen da ta kai ta albashi a Amurka.

Amma tun a 1940 ta gane kuɗin fansar. Ta dawo Rio ta hau dandamalin Urca ɗin nan dai, gaban manyan gari da matansu, ta gaishe su da Turanci, zauren ya yi tsit. Ta yi waƙa, tafin bai taka kara ya karya ba. Ta mayar da martani da waƙar da ke cewa wai an ce ta dawo ta zama Ba'amurkiya, ta koma Amurka, ba ta sake taka ƙasar ba sai bayan shekara 14. Ta mutu a 1955 tana da shekara 46. Da aka kawo gawar, garin da ya ƙi tafa mata ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa.

Bossa nova, wato sabon salo, shekara uku bayan wannan jana'iza ya bayyana, kuma kusan mutum ɗaya ne ya ƙera bugunsa. João Gilberto ɗan garin Juazeiro ne a Bahia. Ya zo Rio ya kasa zama a kowace ƙungiya saboda saɓa alkawari da makara, ya ƙare a gidan yayarsa a garin Diamantina, inda ya riƙa kulle kansa a banɗaki da jita na sa'o'i, don bangon wurin yana mayar masa da sautin yadda yake so. Abin da ya fito da shi daga banɗakin nan shi ne ya tattara gangunan taron samba ya zuba su a hannun dama. Babban yatsa yana riƙe da bugun babbar ganga, ba ya gaba ba ya baya. Sauran yatsu uku suna tsallen ƙaramar ganga. Kamar a ce mutum ya kwashe kiɗan gidan biki kaf ya mayar da shi kan gurmi ɗaya. Murya kuma ya sauke ta ƙasa, babu karkarwa, babu kurari irin na mawaƙan rediyon lokacin, sai ka ce yana yi maka raɗa. Wani lokaci muryar ta riga jitar, wani lokaci ta tsaya ɗaurin takalmi, amma tare suke isa. Da ya shiga situdiyo a 1958 don ɗaukar Chega de Saudade, wadda Jobim ya tsara kiɗanta, mawallafi kuma jami'in diflomasiyya Vinicius de Moraes ya rubuta baitocin, sai ya ce makirufo biyu yake so, ɗaya na baki ɗaya na jita. Ma'aikatan suka ɗauka iyayi ne.

Lokacin ya dace da shi. Birazil ta ci kofin duniya a 1958, Shugaba Juscelino Kubitschek na gina sabon babban birni, Brasília, kowa na jin ƙasar ta kama hanya. Masu sabon salon kuwa galibi 'ya'yan masu hali ne, farare, 'yan jami'a, mazauna gidajen bene na Copacabana da Ipanema, waƙoƙinsu teku da rana da soyayya. A riƙe wannan, zai dawo.

Hanyar da kiɗan ya bi ya shiga Amurka ita kanta abin lura ce, domin ba masu shi ne suka kai shi ba. Gwamnatin Amurka ta tura makaɗin jita Charlie Byrd yawon wasa Kudancin Amurka a 1961, ya dawo da faya-fayan João, ya kunna wa mai busa saksofon Stan Getz. A ranar 13 ga Fabrairun 1962 suka shiga zauren wani coci a Washington, cikin 'yan sa'o'i suka ɗauki kundin Jazz Samba, babu ɗan Birazil ko ɗaya a ɗakin. Kundin ya hau har saman jerin faya-fayan da suka fi kasuwa. Kafin ka ce kwabo kowa ya zama ɗan bossa nova, har Elvis Presley sai da ya yi waƙa da sunan.

Su masu abin sai ranar 21 ga Nuwamban 1962 suka iso, a wasan zauren Carnegie da ke New York, wanda ma'aikatar harkokin wajen Birazil ta sa hannu wajen kai su. An cika dandamali da makirufo kamar dajin kara, sauti ya ƙi daɗi, an jera gwanaye da 'yan koyo ba bambanci. Carlos Lyra ma waƙar da ke kukan yadda jaz ya ɓata samba ya rera musu, a tsakiyar garin jaz. Wasu jaridun gida suka buga cewa an sha kunya. Duk da haka daga daren nan kwangiloli suka ɓarke, kuma João da Jobim ba su bi jirgin komawa ba.

Wata huɗu bayan haka, ranakun 18 da 19 ga Maris 1963, aka yi zaman da ya canza komai. Getz da saksofon, João da jita, Jobim a piyano, Milton Banana a ganga. Ba a jitu ba. João yana ganin Getz na busa da ƙarfi yana danne kiɗan. Labarin da ake bayarwa shi ne ya ce wa Jobim da harshen Fotugal ya gaya wa Baturen nan cewa shi daƙiƙi ne, Jobim ya juya ya ce da Getz, João na cewa burinsa ya cika da ya samu yin aiki da kai. Getz ya ce amma muryar ba ta yi kama da haka ba. Ana cikin wannan aka buƙaci wanda zai rera baitocin Turanci na waƙar yarinyar Ipanema, wadda Jobim da Vinicius suka tsara, João kuwa ba ya jin Turanci. Matarsa Astrud tana wurin, shekararta 22, ba ta taɓa shiga faifai ba. Ta rera. Kamfanin ya ajiye aikin shekara guda, da ya tashi fitar da waƙar a ƙaramin faifai na gidajen rediyo sai ya yanke muryar João gaba ɗaya, ya bar ta Astrud da busar Getz. Wannan yankakkiyar ita duniya ta sani. Kundin ya kai na biyu a Amurka, 'yan Beatles kaɗai suka tare shi, kuma a 1965 ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara, karo na farko da kundin jaz ya yi haka.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Kamar yadda Ruy Castro, marubucin tarihin wannan kiɗa, ya kawo, João ya karɓi dala 23,000 a rabon farko. Getz ya samu abin da ya sayi katafaren gida mai ɗakuna fiye da 20 a wajen New York. Astrud, wadda muryarta ce ta sayar da kayan, dala 120 aka ba ta, ladan aikin dare ɗaya bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa, ko sunanta ba a sa a bangon faifan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda abin yake, kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na wanda ya tsara kiɗa da baiti, akwai na ɗaukar da aka yi a situdiyo. Na biyun kamfanin faifai ke riƙewa, ya riƙa gutsura wa wanda sunansa ke kan kwangila. Wanda aka kira ya yi aikin rana, an sallame shi ke nan, ko faifan ya sayar da miliyan goma. Gidajen rediyon Amurka kuma marubucin waƙa suke biya, ba sa biyan mai rerawa. Na farkon ma, wanda ya kamata ya zama rumbun Jobim da Vinicius, ɓera ya shiga. Kamfanin dillancin waƙa na Amurka zai ɗauki kasonsa, sannan duk wanda ya sa wa waƙar baitin Turanci ya zama abokin tarayya har abada, ko da baitin nasa bai kama ƙafar na asali ba. Norman Gimbel, wanda ya yi na yarinyar Ipanema, an ce har so ya yi ya cire sunan unguwar don ya yi kama da na wani man goge baki, sai da Jobim ya tsaya kai da fata. Jobim ya koyi darasi. Daga baya da kansa yake rubuta Turancin waƙoƙinsa. Ko a nan sai da ya sake wa kayan riga: a waƙarsa ta 1972 kan ruwan watan Maris, ruwan na Rio ne mai rufe lokacin zafi, amma a baitin Turanci ya karkata shi zuwa ga fitar sanyi da tofon ganye, don abin da Maris ke nufi ke nan ga mutanen arewacin duniya.

Mutum zai ce to me ya hana su komawa gida? Gidan ne ya canza. Sojoji sun yi juyin mulki a 1964, 'yan makonni bayan fitowar kundin. Matasan da ke sauraren waƙar teku da rana suka rabu biyu, wasu suka koma kiɗan rok, wasu suka ce lokacin waƙar gwagwarmaya ne. Nara Leão, wadda a falon gidan mahaifinta aka reni bossa nova, ita da kanta ta juya masa baya ta koma waƙa da mutanen unguwannin talakawa. Daidai lokacin da kiɗan ke cin kasuwar duniya, a gida ya zama tsohon yayi. Bayan dokar danniya ta Disamban 1968 kuwa fita ta zama dole ga wasu: an tsare Caetano Veloso da Gilberto Gil sannan suka yi gudun hijira a Landan har 1972, Chico Buarque ya tafi Italiya, Vinicius aka kore shi daga aikin diflomasiyya. A Turai ma an samu wurin zama. Baden Powell, gwanin jita, a Faransa da Jamus ya yi shekaru masu yawa.

Jobim ya kai ƙololuwa a 1967, bayan Frank Sinatra ya bugo masa waya a mashayar da yake zama a Ipanema ya ce su yi kundi tare. Ko a nan sai da kasuwa ta nuna halinta. Jobim makaɗin piyano ne, amma jita aka miƙa masa, domin a idon Ba'amurke mutumin Kudu mai waƙar soyayya da jita ake ganin sa.

Wanda ya fi kowa karantar kasuwar shi ne Sérgio Mendes, kuma ban ga laifinsa ba. Ya koma Amurka a 1964, ƙungiyarsa ta farko ba ta yi ciniki ba, sai ya zauna ya sake lale. Ya kafa Brasil '66, ya sa mata biyu a gaba suna waƙa murya ɗaya. Babbar cikinsu, Lani Hall, 'yar Chicago ce, haddace kalmomin Fotugal take yi ba tare da ta san ma'anarsu ba. Ya ɗauki Mas que Nada ta Jorge Ben ya kai ta ko'ina, ya ɗauki waƙoƙin Beatles ya sa musu bugun Birazil. Masu ra'ayin tsantsa suka ce ya tsinka kunun da ruwa. Shi kuwa ya yi shekara 60 yana cin abinci da sana'arsa, ya ɗauki makaɗan ƙasarsa da dama aiki, a 2006 ya sake sabunta waƙar nan da 'yan Black Eyed Peas ta kuma yin kasuwa, ya mutu a Los Angeles a 2024. Illar dai ita ce bin sahunsa da aka yi ta yi ba gwaninta, har bossa nova ya zama kiɗan da ake sakawa a otal da ɗakin jiran likita, abin da ake ji ba a saurare.

Akwai kuma rundunar da ba a cika ambata ba, masu ganga da kayan kaɗe-kaɗe. Airto Moreira ya yi aiki da Miles Davis, Dom Um Romão shi ya buga ganga a kundin Sinatra, Paulinho da Costa, wanda ya taso a ƙungiyar samba ta Portela, hannunsa na cikin Thriller na Michael Jackson. Miliyoyin mutane sun ji su ba su san sunansu ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, kuma a Birazil abin har da ƙari. Wata maganar da ake jingina wa Jobim ita ce, a ƙasarsu in ka yi nasara kamar ka zagi mutum ne. Mai sukar kiɗa José Ramos Tinhorão ya yi shekaru yana rubuta cewa bossa nova jaz ne aka sa wa hular gida, har littafi ya yi a 1969 yana kiran nasarar da ake cewa an samu a waje wasan yaudara. A ganina ya yi kuskure game da kiɗan, don wanda ya saurari hannun João da kyau samba zai ji, shi ma João samba yake kiran abin da yake yi. Amma game da wanda ya ci riba, Tinhorão bai faɗi ƙarya ba. Astrud ce ta fi shan wannan ɗaci. Jaridun gida suka mayar da ita matar aure da sa'a ta faɗo wa, Getz da furodusa kowa na cewa shi ya gano ta. Ta yi wasa a Birazil a 1965, ba ta sake hawa dandamali a ƙasar ba.

To ina samba na ainihi, na mutanen unguwannin talakawa da ke kan tuddan Rio? Shi bai cika samun kujera a jirgin ba, kuma dalilan a fili suke. Bossa nova mutum ɗaya da jita ya isa, ko uku. Samba taro yake so, wa zai biya wa mutum 30 kuɗin jirgi? Bossa nova ya zo da jerin sautuka da makaɗan jaz suka gane nan take. Daɗin samba kuwa rabinsa a baiti yake, habaici da zambo da labarin unguwa, abin da ba ya tsallake harshe. Sannan ga launin fata da aji. Masu bossa nova suna da fasfo da ɗan Turanci da 'yan uwa a ma'aikatu. Cartola, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar samba ta Mangueira kuma cikin manyan marubutan samba, a shekarun 1950 wani ɗan jarida ya tsince shi yana wankin mota a Ipanema, unguwar nan dai ta waƙar, kuma bai samu kundin kansa ba sai 1974 yana da shekara 65. Abin da waje ya fi saya daga samba shi ne hoton bikin kanibal: fuka-fukai da ƙyalƙyali da 'yan mata masu rawa.

Inda samba ya samu masu jin sa da kunnen gida shi ne Afirka. Clementina de Jesus, wadda ta yi fiye da shekara 20 tana aikatau kafin a san muryarta bayan ta haura 60, ta wakilci Birazil a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Martinho da Vila ya fara zuwa Angola a 1972, tun ƙasar na hannun Fotugal, ya ci gaba da zirga-zirga har ana yi masa kallon jakada. Gilberto Gil, wanda ya ce jin João ne ya sa shi ɗaukar jita, ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, ya haɗu da Fela, ya koma ya yi kundin Refavela da abin da ya gani ya kuma ji. Shi ne daga baya ya zama ministan al'adu, har a 2003 ya yi wasa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan na buga masa ganga. Wannan hanya ba ta kawo dala ba, shi ya sa ba a cika ba da labarinta ba.

Rayuwa ta biyu daga inda ba a zata ba ta zo. A Landan, a shekarun 1990, masu saka faifai a gidajen rawa suka tono tsofaffin faya-fayan Marcos Valle da Joyce, waɗanda gida ya fara mantawa da su, har aka sake ɗaukar su sabbin kundaye. Bebel, 'yar João da aka haifa a New York, wani kamfanin Beljiyam ne ya fitar mata da kundin da ya yi mata suna a 2000. Japan kuwa ta fi kowa riƙon amana. Birazil ce ke da mafi yawan jikokin Japanawa a wajen Japan, dangantakar tsohuwa ce. Unguwar Asakusa ta Tokyo tana bikin samba tun 1981. Lisa Ono, haihuwar São Paulo da ta koma Tokyo tana shekara 10, ta gina sana'arta kaf a kan bossa nova. Kamfanonin Japan sun sake buga faya-fayan da a Rio ma ba a samun su.

João bai je Japan ba sai 2003, yana da shekara 72. Mutumin da ya yi suna wajen barin dandamali saboda ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ko tarin wani a cikin taro, ya tarar da dubban mutane da ba sa ko motsi in yana waƙa. A ɗaya daga darurrukan ya sunkuyar da kai a kan jitarsa ya yi shiru na kusan minti 20, su kuma suna ta tafi ba su fasa ba. Ya koma a 2004 da 2006.

A gida kuwa shari'a yake yi. Tun 1997 ya kai kamfanin EMI kotu kan kundayensa uku na farko, yana cewa an sake sarrafa sautinsu an ɓata, kuma ba a biya shi haƙƙinsa ba. Kotu ta ba shi gaskiya, amma aka shiga jayayyar ko nawa ne kuɗin. Wasansa na ƙarshe a 2008 ya yi shi. Ya mutu a Yulin 2019 a Rio, a gidan haya, da bashi a kansa, lissafin bai kammala ba.

Shekara uku kafin nan Rio ta karɓi gasar Olamfik. Alamar gasar da ta gasar nakasassu da ta biyo baya an sa musu suna Vinicius da Tom. A daren buɗewa jikan Jobim, Daniel, ya zauna a piyano ya rera waƙar yarinyar Ipanema, Gisele Bündchen, fitacciyar mai tallan tufafi 'yar Birazil, ta ratsa filin Maracanã da takunta, duniya na kallo. Astrud tana Philadelphia a lokacin, ta bar dandamali tun 2002, tana zane-zanenta da fafutukar kare dabbobi. A can ta mutu a watan Yunin 2023, tana da shekara 83.